Na Biyu a Layi: Abin da Ke Rage wa Mai Jingina ta Biyu Idan An Yi Gwanjon Gida a Amurka

A jihar Teksas ta Amurka, Talatar farko ta kowane wata ranar gwanjon gidaje ce. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, a ƙofar kotun gunduma ko wani wurin da hukumar gundumar ta keɓe, za ka tarar da mutane tsaitsaye da takardu a hannu. Wani yana karanta lambar fili da sauri-sauri kamar ba ya so a ji, 'yan kasuwa kuma suna ta duba wayoyinsu, jakunkunansu ɗauke da cakin da banki ya riga ya tabbatar da kuɗinsa. Haka ake yi a Jojiya ma, a wannan rana, a kan matakalar kotu. Gidan da iyali suka shekara goma suna biyan kuɗinsa yakan koma hannun wani cikin minti biyu ko uku.

Mutum biyu ake tunawa a irin wannan rana: mai gidan da bashi ya fi ƙarfinsa, da bankin da ya sa a sayar. Akwai na uku da ba a cika ambatonsa ba, sau da yawa ma ba ya wurin. Shi ne wanda ya ba da rance a kan gidan bayan bankin farko ya riga ya bayar, ya karɓi tasa takardar jingina, aka buga mata hatimi a ofishin rajista. Da hantsi yana da jingina a kan gida. Kafin azahar, da zarar mai gwanjo ya ce an sayar, abin da ke hannunsa ya koma takarda kurum.

Wanda ya tashi a karkara zai yi mamakin yadda ake jinginar da abu ɗaya ga mutum biyu. A jinginar gona da muka sani, wanda ya ba da kuɗi shi ke karɓe gonar ya riƙa nomawa har ranar da aka fanshe ta, saboda haka babu abin da ya saura a hannun mai gona da zai kai wa wani. Malaman Malikiyya sun daɗe da duba mas'alar, suka halatta a jinginar wa na biyu rarar da ta saura daga darajar abin, amma da sharaɗin na farko ya sani kuma ya yarda. A Amurka mai gida yana nan zaune cikin gidansa. Abin da mai bin bashi ke riƙewa shi ne takardar da aka shigar a littafin filaye na gunduma, inda magatakarda ke buga mata kwanan wata da awa har da minti. Wannan hatimi shi ke tsara layi. Jihohi sun ɗan bambanta game da wanda ya san akwai wata jinginar da ba a yi wa rajista ba, amma tushen maganar ɗaya ne: wanda ya riga shiga littafi shi ke riga cin kuɗin gidan. Hatta kamfanonin da ke saya wa Musulmin Amurka gida ta hanyar musharaka ko murabaha, littafin nan suke shiga, layin nan suke bi.

Na biyun ba kullum banki ba ne. Yakan zama bankin da ya buɗe wa mai gida asusun rance a kan rarar darajar gidansa domin gyaran rufi ko kuɗin makarantar yara. Yakan zama tsohon mai gidan, wanda ya sayar ya yarda a biya shi wani kaso sannu a hankali. Yakan zama kawu ko suruki da ya taimaka da kuɗin kafin alƙalami. Doka ba ta duba fuskarsa, hatiminsa take dubawa.

Yadda ake rabon kuɗin

Ƙa'idar da komai ya rataya a kanta gajeriya ce. Idan na gaba ya yi gwanjon gida bisa ƙa'ida, jinginar duk wanda ke bayansa ta faɗi. Mai saye yana karɓar gidan kamar yadda yake ranar da aka yi wa jingina ta farko rajista, ba tare da nauyin da aka ɗora masa daga baya ba. Dalilin a fili yake. Da a ce bashin baya zai bi gidan zuwa hannun mai saye, da ba wanda zai taya, kuma da mai gida zai iya lalata jinginar bankin farko ta hanyar ciwo bashi a wasu wurare ba da saninsa ba. Na biyu ya san da haka tun ranar da ya sa hannu, shi ya sa kuɗin ruwan da yake ɗorawa ya fi na farko tsada.

Haƙƙinsa yana tashi daga kan gidan ya koma kan kuɗin gwanjon, idan sun yi saura. Dokar Kalifoniya ta jera yadda za a raba su, kuma kusan haka yake ko'ina: a fara cire kuɗin da aka kashe wajen gwanjon, a biya wanda ya sa aka sayar, sannan masu jinginar baya bi da bi, abin da ya rage a miƙa wa mai gida.

Mu ɗauki misali. A ce an sayi gida dala 300,000, bankin farko ya ba da 240,000, na biyu ya ba da 60,000. Bayan wasu shekaru biya ya tsaya. Na farko yana bin 235,000 haɗe da bashin watannin da suka taru, hidimar gwanjo ta ci 5,000, na biyu kuma yana bin 58,000. In gidan ya yi 320,000, kowa ya sha: na biyu ya karɓi kuɗinsa cif, mai gida ya tafi da 22,000. In ya tsaya a 270,000, na biyu ya tsira da 30,000, sauran 28,000 sun rataya. In kuwa 220,000 ya yi, ko sisi ba zai gani ba. Matsalar ita ce gwanjon dole ba ya kawo farashin kasuwa. Mai saye bai shiga gidan ya duba ba, bai san ko akwai mutane a ciki da sai ya kai su kotu kafin su tashi ba, kuma a yawancin wurare kuɗi hannu ake so nan take. Duk wannan ragi da 'yan gwanjo ke yi, daga rabon na biyu ake fara yankarsa.

Ko rarar ta samu, ba a kai masa gida. A Kalifoniya wakilin da ya gudanar da gwanjon yana aika wa masu haƙƙi takarda, su kuma su shigar da buƙatarsu a rubuce cikin kwana 30. In an yi saɓani sai a ajiye kuɗin a kotu. A jihohin da kotu ke yin gwanjon, magatakardan kotu ke riƙe rarar har a nema. Wannan tsakani ya haifar da wata sana'a ta masu farautar rara, waɗanda ke bin littafin kotu suna buga wa tsofaffin masu gida waya cewa za su karɓo masu kuɗi a ba su kaso, wani lokaci ba tare da sun faɗa masu cewa akwai mai jingina ta biyu a gabansu ba.

Jingina ta faɗi, bashi na nan

Wurin da masu gida suka fi yin kuskure ke nan. Takarda biyu mutum ke sa wa hannu ranar karɓar rance: alkawarin biya, da jinginar da ke tsaya wa alkawarin. Gwanjo jinginar kaɗai yake kashewa. Alkawarin yana nan daram, kuma na biyu yana iya kai mai gidan ƙara kamar kowane mai bin bashi, ya samu hukunci, ya nemi a riƙa yankar albashinsa a jihohin da suka yarda da haka.

Kalifoniya, wadda ta fi yawancin jihohi kare masu gida daga biyan giɓin da ya saura bayan gwanjo, ita ma ta bar wannan ƙofa a buɗe. A 1963, a shari'ar Roseleaf da Chierighino, kotun ƙolin jihar ta bakin Mai Shari'a Roger Traynor ta ce dokar da ta hana mai bin bashi neman ciko bayan ya yi gwanjo ba tare da kotu ba, ba ta hau kan na biyun da gwanjon wani ya share ba. Hujjar mai sauƙi ce: ba shi ya zaɓi hanyar ba, ba shi ya zaɓi ranar ba, bai kamata a ɗaure shi da zaɓin wani ba. Sai dai shekara goma kafin nan, a shari'ar Brown da Jensen ta 1953, kotun ta riga ta rufe ƙofar ga wani rukuni. Wadda ta sayar da gidanta ta karɓi jingina ta biyu a madadin sauran kuɗinta, sannan bankin farko ya yi gwanjo ya share ta, kotu ta ce ba ta da ikon bin masu sayen ko kwabo, domin dokar da aka kafa a 1933, a tsakiyar karyewar tattalin arzikin wancan zamani, ta hana neman ciko a kan bashin da aka ci wajen sayen gidan kansa. Ga mutum biyu, dukkansu na biyu a layi, gwanjo iri ɗaya ya share su. Ɗaya yana da ikon bin bashinsa, ɗaya ba shi da shi. Abin da ya raba su shi ne abin da aka yi da kuɗin tun farko.

Kafin a buga guduma

Duk wani haƙƙi mai amfani da na biyu ke da shi, kafin gwanjo yake aiki, kuma farkonsu shi ne a sanar da shi. A nan Amurka ta rabu gida biyu. A jihohi irin su Niyok da Filorida da Ilinoi, sai banki ya shigar da ƙara kafin ya sayar da gida, kuma wajibi ne ya sa sunan duk mai jinginar baya cikin waɗanda ake ƙara, a kai masa sammaci. In lauyan banki ya yi sake ya manta da wani, hukuncin bai shafe shi ba: jinginarsa tana nan a kan gidan, kuma wanda ya saya a gwanjo zai wayi gari da baƙon da bai gayyata ba. Sai dai ya sake shigar da sabuwar ƙara don a share shi, ko su sasanta. Wannan mantuwa ita ce babbar sa'ar da na biyu kan samu, shi ya sa ake biyan masu binciken littafin filaye kuɗi mai kauri kafin a shigar da ƙara.

A sauran jihohin, inda takardar jinginar ta ba wani wakili ikon sayarwa ba tare da alƙali ba, abin ya danganta da abin da dokar jiha ta rubuta. Kalifoniya ta wajabta a aika wa masu jinginar baya sanarwar gazawar biya, a jira wata uku, sannan a ba da sanarwar gwanjo aƙalla kwana 20 kafin ranar. Ta kuma ba kowa damar shigar da takardar neman a sanar da shi a adireshin da ya zaɓa. Teksas kuwa kwana 21 ne sanarwarta, kuma dokarta ba ta tilasta a aika wa mai jinginar baya komai ba. Wanda ya ba da rance na biyu a can, aikinsa ne ya riƙa duba allon sanarwar gunduma wata-wata. In ya yi barci, sai labari.

Kotun Ƙolin Amurka ta taɓa shiga maganar sanarwa ta wata fuska. A 1973 wata hukumar mishan ta 'yan ɗariƙar Mennonite ta sayar da gida a Elkhart ta jihar Indiyana, ta riƙe jinginar dala 14,000. Mai sayen ta ci gaba da biyan mishan ɗin, amma ta daina biyan harajin gida. Gunduma ta liƙa sanarwa a kotu, ta buga a jarida, ta sayar da gidan a 1977 a kan dala dubu ɗaya da 'yan kai. Mishan ba ta ji labari ba sai da wa'adin fansa na shekara biyu ya wuce. A 1983, Mai Shari'a Thurgood Marshall ya rubuta hukuncin cewa wanda sunansa da adireshinsa ke cikin littafin gunduma, liƙa takarda a bango bai isa sanarwa gare shi ba, sai an aika masa wasiƙa ko an kai masa hannu da hannu. Sai dai hukuncin gwamnati ya ɗaure. Gwanjon da wakilin banki ke yi, yawancin kotuna sun ce harkar 'yan kasuwa ce, tsarin mulki bai shiga ciki ba.

To an sanar da shi, me zai yi? Hanya mafi araha ita ce ya biya wa mai gida bashin watannin da suka taru a wurin bankin farko, gwanjo ya tsaya. A Kalifoniya yana da wannan dama har zuwa kwana biyar na aiki kafin ranar sayarwa. Abin da ya biya sai ya ɗora a kan bashin da yake bi, kuma tun da kusan kowace takardar jingina ta biyu ta ce gazawa a ta farko gazawa ce a ta biyu, sai ya fara nasa gwanjon. Amma kafin nasa ya nuna, shi zai riƙa biyan bankin farko duk wata. Hanya ta biyu ita ce fansa: ya biya bankin farko bashinsa gaba ɗaya, ya gaji matsayinsa a layi. Ta uku ita ce ya je gwanjon ya taya, ko don ya ture farashi sama har rara ta samu, ko don ya saye gidan ya sayar a kasuwa a natse.

A nan ne bambancin matsayi ke fitowa ƙarara. Bankin da ya sa a yi gwanjon ba ya zuwa da kuɗi. Da bashin da yake bi yake tayawa, har iyakar adadinsa. Na biyu kuwa tamkar baƙo yake a wurin. A misalinmu na baya, kafin ya ceci 58,000 ɗinsa, sai ya zo da cakin 240,000. Babban banki yana iya yin haka in lissafi ya ba shi. Tsohuwar da ta sayar da gidanta ta dogara da biyan wata-wata don cefane, ko kawun da ya ba da ajiyarsa ta shekara ashirin, a ina za su samo? Doka ta ba su haƙƙi ɗaya da na banki, harafi da harafi, amma haƙƙi ne da sai mai kuɗi ke iya ɗauka. A ganina wannan ne aibin tsarin da littattafan lauyoyi suka fi saurin wucewa a kansa.

Wasu jihohi suna ƙara masa dama bayan gwanjo. A Minesota mai gida yakan samu wata shida ya fanshi gidansa. In bai yi ba, masu bin bashin baya da suka shigar da sanarwar niyyar fansa kowanne yana samun 'yan kwanaki nasa, bi da bi. Konetikat ta riƙe wata tsohuwar hanya da ta gada daga Ingila, wadda sau da yawa ba a yin gwanjo sam. Alƙali yana sa wa mai gida ranar da zai biya. In ranar ta wuce, washegari ta mai bin bashin da ya fi kowa zama a baya ce, wadda ke biye ta wanda ke gabansa, haka har a iso ƙofar bankin farko. Wanda ya biya a ranarsa ya mallaki gidan. Wanda ranarsa ta wuce ya fita ke nan. In ba wanda ya biya, gida ya zama na banki. Gwamnatin tarayya kuma, kamar yadda aka saba, ta yanka wa kanta rabo na musamman: in hukumar haraji ce ke bin bashi a baya, dole a sanar da ita kwana 25 kafin gwanjon da ba na kotu ba, kuma tana da kwana 120 bayan sayarwa ta mayar wa mai saye kuɗinsa ta karɓe gidan.

Gaba da gabanta

Na farko ma yakan wayi gari ya ga kansa a baya. Harajin gida yana gaban kowa, ko yaushe aka ɗora shi. A Nebada kuwa bankuna sun sha mamaki a 2014. Dokar jihar ta ba ƙungiyar masu gidajen unguwa fifiko a kan kuɗin gudummawar wata tara. Wata ƙungiya a yankin Las Vegas ta yi gwanjon wani gida saboda irin wannan bashi, wani kamfani ya saya dala 6,000, alhali akwai jinginar banki ta dala 885,000 a kansa. Kotun ƙolin jihar ta ce fifiko fifiko ne, gwanjon ya share jinginar bankin. Ta kuma nuna cewa bankin yana da ikon biyan 'yan kuɗin nan ya kare kansa, bai yi ba: shawarar da bankuna suka saba ba na bayansu ke nan. A 2015 majalisar jihar ta gyara dokar, ta ƙarfafa sanarwa, ta ba da kwana 60 na fansa.

Akwai kuma lokacin da na biyu ke da abin cewa tun gida bai shiga matsala ba. In mai gida yana son sauya bashinsa na farko da sabo mai rangwame, da zarar an biya tsohon, na biyu ya matsa gaba, sabon rancen ya faɗa bayansa. Babu bankin da zai yarda da haka, don haka sai an roƙi na biyu ya sa hannu cewa ya amince ya zauna inda yake. Haka nan in mai gida yana son sayarwa da kansa a ƙasa da bashin da ake binsa don gudun gwanjo, cinikin ba ya faɗawa sai na biyu ya saki jinginarsa. Wanda ba zai samu ko sisi a gwanjo ba, yana da ikon hana ciniki har sai an ba shi wani abu.

Shekarun da aka yi wa gida bashi biyu rana ɗaya

Wannan iko na hanawa ya zama matsalar ƙasa bayan 2008. Tsakanin 2004 da 2007 an yi yayin ba mai saye rance biyu a zama ɗaya, kashi 80 na kuɗin gida a jingina ta farko, kashi 20 a ta biyu, ta yadda zai shiga gida bai ajiye komai ba kuma ya kauce wa inshorar da ake ɗora wa masu ƙaramin kafin alƙalami. Farashi ya kai ƙololuwa a 2006, sannan ya zube da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu kafin 2012. A ƙarshen 2010 kimanin gidaje miliyan 11 bashin da ke kansu ya fi darajarsu, kuma a shekarar kaɗai bankuna sun karɓe gida sama da miliyan ɗaya. Jingina ta biyu a kan irin waɗannan gidaje ba ta da abin da ta dogara a kai.

Amma bankunan ba su so su rubuta asarar. Manyan bankuna huɗu, Bank of America da JPMorgan Chase da Wells Fargo da Citigroup, su ke riƙe da kaso mai yawa na jingina ta biyu a littattafansu, alhali su ne kuma ke karɓar biyan jingina ta farko a madadin masu zuba jarin da suka saye ta. Masu jarin suka ce ba za su rage nasu bashin ba matuƙar na bayansu bai fara yafewa ba, tun da haka layi ya tsara. Bankin da ke tsakiya kuwa shi ne na bayan. A watan Maris na 2010 Barney Frank, shugaban kwamitin harkokin kuɗi na majalisar wakilai, ya rubuta wa bankunan huɗu yana neman su amince cewa yawancin wannan bashi ba shi da sauran daraja. Sasantawar dala biliyan 25 da aka yi a Fabrairun 2012 tsakanin manyan bankuna biyar da gwamnatin tarayya da jihohi 49 ta ba su lada a kan yafe jingina ta biyu, kuma masu suka sun ce an yaba masu ne a kan zubar da abin da dama ya zube.

Kotun karayar arziki ma ba ta ba da amsa ɗaya ba. David Caulkett, wani mai gida a Filorida, gidansa bai kai dala 100,000 ba, bashin farko ya haura 180,000, ga na biyu kusan 48,000. Ya nemi a soke jingina ta biyu tun da babu ko dala ɗaya ta gidan da ta isa gare ta. A watan Yuni na 2015 Kotun Ƙoli, baki ɗaya, ta ce a babi na 7 na dokar karayar arziki ba a soke ta. A babi na 13 kuwa, inda mutum ke bin tsarin biya na shekara uku zuwa biyar, kotunan ɗaukaka ƙara sun yarda a soke ta in ba ta da madogara ko kaɗan. In darajar gidan ta haura bashin farko ko da dala ɗaya ce, jinginar ta tsira dukkanta.

Abin da wannan ke nufi ya bayyana bayan shekara goma. Bankuna da yawa sun rubuta bashin na biyu a matsayin asara, suka daina aika takardar wata, suka sayar da shi da arha ga kamfanonin sayen bashi. Masu gida da aka sassauta wa bashin farko suka ɗauka an haɗa har da na biyu. Jinginar kuwa tana nan kwance a littafin gunduma. Da farashin gidaje ya tashi, musamman daga 2020, sai wasiƙu suka fara isowa ana neman uwar kuɗi da ruwan shekara goma ko fiye, in ba haka ba a yi gwanjo. Amurkawa suna kiran wannan bashi da sunan gawar da ta tashi daga kabari. A watan Afrilu na 2023 hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi ta tarayya ta yi zaman sauraro a Brooklyn, ta fitar da matsayi cewa mai karɓar bashi da ya kai ƙara ko ya yi barazanar gwanjo a kan bashin da wa'adin ƙararsa ya wuce, ya karya dokar karɓar bashi ta 1977. A jihar Niyok wa'adin shekara shida ne, sai dai rigimar kullum a kan ranar da za a fara ƙirga take.

Barazanar gwanjon nan ba wasa ba ce, domin na biyu yana da ikon yin nasa gwanjon, ko da mai gida bai taɓa fashin biyan na farko ba. Gwanjonsa na bayansa kaɗai yake sharewa, jingina ta farko tana bin gidan zuwa hannun mai saye. Nan ne sababbin shiga kasuwar gwanjo ke ƙona hannu. Mutum ya ga gidan 300,000 ana tayawa daga 40,000, ya ɗauka tsuntsu ne daga sama gasasshe, ya biya, bayan 'yan makonni takardar bankin farko ta iso da 235,000. Mai gwanjo ba ya faɗa maka jingina ta nawa ce ake sayarwa a kanta, kuma ba a mayar da kuɗi.

Shari'ar da ta fi nuna yadda rara da bashin baya ke haɗe ita ce ta Geraldine Tyler, tsohuwa mai shekara 94 a Miniyapolis. Gundumar Hennepin tana binta kimanin dala 15,000 na haraji da tara, ta ƙwace gidanta ta sayar 40,000, ta riƙe sauran 25,000. Da ta kai ƙara, lauyoyin gunduma suka ce ba ta yi asarar komai ba, domin littafi ya nuna akwai jinginar 49,000 da bashin ƙungiyar masu gidaje 12,000 a kan gidan, rarar dama ba tata ba ce. A ranar 25 ga Mayu, 2023, Babban Jojin ƙasar John Roberts ya amsa da cewa ƙwacewar ta share waɗannan jinginar daga kan gidan, amma tana iya yiwuwa har yanzu ana bin matar bashin, kuma da an ba ta rarar da ta rage shi da ita. Alƙalai tara suka haɗu a kan cewa gunduma ta ci abin da ba nata ba.

Ga 'yan uwanmu da ke zaune a Bronx ko Houston ko Kolombos, maganar takan zo ne ta hanyar zumunci. Wani zai sayi gida, ɗan'uwa ya ba shi dala 30,000 ya cika, aka yi a gaban shaidu biyu, wataƙila aka rubuta a takarda aka sa hannu. A gida wannan ya isa. A ranar gwanjo kuwa wakilin banki littafin gunduma kaɗai yake buɗewa. Wanda sunansa ba ya ciki ba za a aika masa sanarwa ba, ba za a lissafa shi a rabon rara ba, kuma kamfanin katin bashin da ya samu hukuncin kotu bara ya yi rajistarsa yana gabansa. Kuɗin shigar da takardar jingina a yawancin gundumomi bai kai abin da iyali ke kashewa a cefanen mako biyu ba, amma neman ɗan'uwa ya sa hannu a kanta yana da nauyin baki, kuma bankin farko yakan nemi a rubuta masa cewa kuɗin da aka cika da su kyauta ce, ba rance ba. Mutane da yawa sukan sa hannu a kan takardar kyautar don ciniki ya faɗa, ita ce kuma ke zaune a fayil ɗin banki har ranar da aka sa gidan a jerin gwanjo.